Rufin Cittar Baba Kumai

Tun daga yadda ya ajiye keken, Scholastica ta san akwai magana.

Sylvester bai taɓa jingina kekensa Rali a jikin komai ba. Kullum sai ya kafa shi a kan ƙafarsa, ya ciro ƙyalle ya goge jar ƙasar hanyar Kafanchan zuwa Nok, sannan ya gai da mutane. Yau kuwa, ranar Laraba tsakiyar mako, ya watsar da shi a jikin rumbu kamar itacen girki.

Ta tsayar da keken ɗinkinta, ta zare allurar da ke bakinta.

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Sikola."

Takarda ya miƙa mata. Ta karanta sau biyu. Shekara shida ke nan yana aikin fayaman, mai zuba wa injin jirgin ƙasa kwal da shebur. Yanzu an kawo sababbin injuna masu shan dizal. Ba sa cin kwal, ba sa neman mai shebur. An gode masa, an sallame shi.

Ta san abin da takardar nan ta taɓa. Sylvester ɗan Nwachukwu ne, mutanen gabas da aikin jirgi ya zaunar a Kafanchan. A kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi ta babanta tsabta, amma sai da aka shekara biyu ana roƙo kafin uban nata, Baba Kumai, ya amince. Dangi sun ce baƙo ne, wata rana zai kwashe ta ya tsallaka kogi da ita. Abu ɗaya ya sauko da tsohon: yaron yana da aiki mai albashi da fansho. Ranar Lahadin da ta wuce aka yi sanarwar aurensu ta farko a coci. Saura biyu.

"Na zo in gaya miki da bakina," in ji shi, idonsa ya cika taf. "Idan kin fasa, ba zan ga laifinki ba. Ban iya komai ba sai wuta da shebur. Me zan ba ki? Toka?"

"Jirgi na ce zan aura?"

"Sikola..."

"Ka amsa mini, Silba. Ran da ka tare ni a tasha ka ce kana sona, fuskarka baƙi ƙirin, haƙoranka kaɗai nake gani. Albashi ne a rubuce a goshinka?"

Ya yi dariya, hawayen ya zubo tare da ita. Ita ma nata suka biyo. Ta kama bakin zanenta tana share masa fuska, tana masa faɗa cewa babban mutum ba ya zuwa gidan surukai da majina.

Ƙarar babur ce ta raba su.

Martins ne, mai sayen citta daga Kwoi, da baƙin tabarau da Honda ja. Sau biyu ya nemi Scholastica, sau biyu ta ce masa ya gai da gida. A bayansa kuwa, riƙe da hula kada iska ta ɗauke, Baba Kumai ne zaune.

Kallo ɗaya ta yi wa fuskar babanta ta san labari ya riga Sylvester isowa.

* * *

"Ni dai a tasha na ji," in ji Martins, yana goge tabarau. "Na ce Allah sarki, bari in faɗa wa Baba da wuri. Ɗan'uwa, in kana neman aiki, ina bukatar mai ɗaga buhu."

"Na gode," in ji Sylvester, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Baba Kumai ya zauna a kan turmi. Mama Larai, uwar Sikola, ta fito daga kicin da muciya a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan loko," in ji tsohon. Haka yake kiransa, da sunan wurin da ake ajiye injunan jirgi. "A ƙasan mu, mai neman yarinya yana noma wa baban yarinya. Ni na yi wa baban matan nan damina uku. Kai na ɗaga maka, don ka ce jirgi ba ya jira. To, jirgi ya tafi ya bar ka."

"Gaskiya ne, Baba."

"Yarinya na ba za ta ci hayaƙi ba. Gobe da safe zan kai ka gona, in ga abin da hannun nan ya iya. In na ga babu, ran Lahadi da katikis zai tambaya ko akwai mai magana a kan auren nan, ni zan tashi."

"Baba!" Sikola ta durƙusa. "Shekara na ashirin da huɗu, ina da keken ɗinki na. Ko bai samu aiki ba sai Kirsimeti, ba za mu kwana da yunwa ba."

"Keken ki ba miji ba ne. Na gama."

Aka kai Sylvester masauki gidan Katikis Wilfred, malamin cocinsu. Da zai tafi ya raɗa wa Sikola cewa ta kwantar da hankalinta, gobe Baba zai sha mamaki.

Da ta san irin mamakin, da ta ɗaure shi a jikin rumbu.

* * *

Gari ya waye, Sikola na wanke tukwane, sai ta hango hayaƙi ta bayan dutse. Dogo, fari, miƙe sak zuwa sama.

"Mama, wa ke ƙona daji a watan nan?"

Mama Larai ta ɗaga kai. Tukunyar hannunta ta suɓuce.

"Yesu! Wajen citta ne!"

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jaba ya san citta jaririya ce. In an shuka ta, sai an lulluɓe gonar kaf da ganye da ciyawa, su riƙe mata damshi, su tare mata rana har ta yi ƙarfi. Rufin gonar Baba Kumai, Sikola da uwarta suka ɗauko shi a ka daga kurmi, kwana tara suna jigila, har wuyan Mama ya daina juyawa. Ga shi ruwa ya ɗauke kusan mako guda, rana tana dukan ƙasa ba tausayi.

Shi kuwa Sylvester abin da loko ta koya masa daban ne. Fayaman na kirki ba ya jiran direba. Yakan riga shi zuwa, ya kwashe toka, ya share ko'ina, ya hura wuta, direba ya iso ya tarar da komai tsaf. Don haka tun asuba ya ari manjagara a gidan katikis, ya nufi gonar da Sikola ta taɓa nuna masa daga nesa. Ya tarar da ita cike da busasshen ganye, ya girgiza kai don tausayin tsoho da aiki ya yi wa yawa.

Suka iso a guje, Baba a gaba, Mama a baya da ɗankwali a hannu.

Gonar tana nan fes kamar tsakar gidan Fada, limamin coci. Ƙananan tsiron citta sun leƙo tsirara a rana. A can gefe, kan dutse, Sylvester ya tara ganyen wuri ɗaya, ya yi masa ƙofar iska, yana ci da wuta mai kyau wadda ko tartsatsi ɗaya ba ya kauce mata.

Sylvester ya jingina da manjagara, gumi na zuba, yana murmushi har kunne.

"Ina kwana, Baba. Ko ganye ɗaya ban bari ba."

Baba Kumai ya dubi gonar, ya dubi wutar. Ya cire hularsa ya duba cikinta. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya faɗi wata magana da yaren gida wadda ba a maimaita ta a gaban katikis.

"Wuya na!" Mama Larai ta ɗora hannu a ka. "Kwana tara! Silbesta, ka ƙone wuya na!"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya dubi Sikola. A hankali ta gaya masa abin da ya yi.

"Chineke," ya ce, yana kiran Ubangiji da yarensu, manjagarar ta faɗi.

Kamar an aika masa, sai ga Martins ya biyo hayaƙin. Ya zagaya gonar hannu a aljihu, ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Sannu da aiki, injiniya! Baba, kada ka damu. Zan kawo lebura goma daga Kwoi su rufe maka ita. Abin gida ne, in dai mun zama gida ɗaya."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tsoma yatsa a ƙasa, ya dubi rana.

"Kwana biyu," ya ce. "Uku in Ubangiji ya ji tausayi. Bayan nan babu citta, babu iri na baɗi."

Ya tashi ya kama hanyar gida, bai ko kalli Sylvester ba.

* * *

A gindin ɗorawa Sikola ta sami Sylvester, ya haɗa kai da gwiwa.

"Zan koma Kafanchan," ya ce. "Na kashe gonar babanki, na kashe auren da hannuna. Ki auri mai babur, Sikola. Shi ya san citta."

"Ya san sayenta da araha dai."

"Ni ba ni da amfani. Injin ma ya gane haka kafin ku."

Ta zauna kusa da shi ta bar shi ya yi kukansa, ita ma tana taya shi, don gaskiya abin ya kai a yi kuka. Da ta ga ya isa, ta fyace hanci ta miƙe.

"To, mun yi. Hawaye ba ya rufe citta. Ganye yana kurmi, mil biyu daga nan. Tashi."

"Abin da kuka ɗauka kwana tara? Ko mu uku ne ba za mu gama ba. Me ya sa ba a sa mota?"

"Wace mota za ta bi nan?"

Ta nuna masa siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa tsakanin gonaki. Ya dubi hanyar. Ya daɗe yana dubanta. Sai ya tashi ya taka ta, ya tsuguna, ya buɗe hannuwa yana gwada faɗinta.

"Tef ɗinki na awo yana kusa?"

A wuyanta yake, kullum. Ya ja ta suka bi hanyar har kurmi, duk inda ta tsuke sai ya ce ta auna.

"Kowane jirgi da faɗin layinsa," in ji shi, kuma ta ji muryarsa ta dawo. "In ka san layi, ka san irin wagon da zai hau shi. Inda ya fi matsewa inci nawa?"

"Ashirin da shida. Ƙugun Mama Mildred ta zumuntar mata ya fi shi."

Da suka dawo gida ya ɗauko Rali, ya juya shi ƙafa sama, ya kwance jakar sifana daga bayan sirdi. Sikola ta riƙe masa hannu. Da albashinsa na farko ya sayi keken nan. Ko ƙaninsa bai taɓa hawa ba.

"Silba, Ralin?"

"Aikinsa ya kawo ni wurinki. Ya kawo ni."

Ya cire ƙafafun biyu. Ya roƙi Mama Larai tsohon gadon ƙarfen da kaji ke kwana a kai, ta ce ya ɗauka, in ya ga dama ya ƙone shi ma. Ya sare gwangwala, ya gasa ƙusa a murhu har ta yi ja yana huda itace da ita, ya ɗaure kowace ƙafa tsakanin ƙarfe biyu. Sikola ta farke tsofaffin buhuna shida ta haɗa su a keken ɗinki suka zama ƙatuwar jaka. Kafin rana ta faɗi, wani abu yana tsaye a tsakar gida: siririyar amalanke, doguwa, mai hannu biyu.

Baba ya wuce ta gefenta zai shiga ɗaki.

"Wannan kuma mene ne? Makara na citta na?"

* * *

Ranar Juma'a, sahun farko, amalanken ta ƙwace a gangaren rafi. Ta ja Sylvester a guje, ta kifa shi cikin laka, ganye ya rufe shi ruf. Matan da ke wanki suka yi ta shewa.

"An rufe ɗan loko! Bari ya tsira!"

Ya fito yana tofar da ciyawa, shi ma yana dariya. Ya koma gida ya ciro birkin Rali ya ɗaura mata. Sahu na biyu ta sauka gangaren a natse kamar amarya.

Abin da mace shida za su ɗauka a ka, shi take kwasowa a tafiya ɗaya. Hannun da ya shekara shida yana jefa kwal bai san gajiya ba. Yana lodi, yana turawa, Sikola da uwarta suna shimfiɗawa. Wajen azahar Mama Larai ta daina harararsa. Wajen la'asar ta kawo masa kunu da kanta.

Mama Mildred, shugabar zumuntar mata, ta zo kallo ta tsaya tana shafa wuyanta.

"Ɗana, abin nan yana ɗaukan buhun citta?"

"Uku ma, Mama."

"Har bakin titi?"

"Har inda hanya ta kai."

Matan suka dubi juna. Kowa ya san dalilin da ya sa Martins ke sayen citta yadda ya ga dama: babu mai iya fitar da buhu zuwa titi sai a ka, shi kuwa yana da lebura.

"Akwai mataccen keke na mai gida na a bayan ɗaki," in ji Mama Mildred. "Shekara huɗu yana cewa zai gyara."

"Mu ma akwai!"

"Namu ƙafa ɗaya ne ya rage, zai yi?"

Sikola ta tsaya da ganye a hannu. A ranta ta shiga bin gidajen Nok ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne da gawar keke a bayan rumbu, kowanne da mace mai ciwon wuya. Bayan Nok ga Kwoi, ga ƙauyukan da ke kewaye. Ta dubi Sylvester, ta ga shi ma lissafin da yake yi ke nan.

Ranar Asabar mata goma sha ɗaya suka fito taya su yankan ganye, da sharaɗin za a bi layi wurin ƙera amalanke, kuma Mama Mildred ce ta farko. Rana na shirin faɗuwa aka shimfiɗa rufin ƙarshe.

Sai ga Baba Kumai. Ya bi kunya-kunya yana ɗaga ganye, yana tsoma yatsa. A gefen gabas ya daɗe a tsugune. Rana ta riga ta cinye tsiron kunya huɗu, sun bushe ƙurmus.

"Huɗu sun mutu," ya ce.

"Laifina ne, Baba. Zan..."

Tsohon ya kaɗe hannu ya tafi. Da dare aka zauna cin tuwo. Da Sikola ta kai masa ruwa ta durƙusa ta ce, "Baba, gobe fa?" sai ya ce ta goge masa rigarsa ta zuwa coci, farar.

Farar rigar nan, sai ran da zai yi magana a gaban jama'a yake sa ta.

* * *

Cocin ta cika maƙil. Labarin wutar ya zaga ƙauye, har waɗanda rabonsu da coci tun Ista sun zo. Martins yana bencin gaba da sabuwar shadda. Sikola na cikin mata. Can baya ta hango Sylvester, yatsunsa duk a naɗe da tsumma saboda aikin kwana ukun nan.

Bayan addu'a Katikis Wilfred ya buɗe littafi ya gyara murya.

"Sanarwa ta biyu. Akwai alkawarin aure tsakanin Scholastica, 'yar Kumai ta nan Nok, da Sylvester ɗan Nwachukwu, ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan. In akwai mai magana a kan wannan aure, ya tashi ya faɗa."

Shiru. Sai benci ya yi ƙara.

Baba Kumai ya miƙe cikin farar rigarsa.

Sikola ta damƙe hannun uwarta, hawaye suka ɓalle mata. Martins ya gyara zama.

"Ina da magana," in ji tsohon. "Katikis, takardan ka ya yi ƙarya."

"Ƙarya, Baba?"

"Yaron nan ba ma'aikacin jirgi ba ne. Jirgi ya bar shi. Ya zo ya ƙone mini rufi, ya kashe mini kunya huɗu." Ya juya ya dubi jama'a. "Ni da na yi wa suruki na noma, na sare masa gero da yawa ina tsammani ciyawa ne. Na gudu, sai da aka nemo ni a Jere. Wannan bai gudu ba. Ya yanka keken shi."

Mama Larai ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Goge ka rubuta daidai. Sylvester, mai ƙera amalanke, a nan Nok. Wuri yana nan kusa da rumbu na, ya kafa rumfa. Kunya huɗu kuma zai shuka mini baɗi, da hannun shi."

Guɗa ta tashi daga ɓangaren mata har katikis ya buga tebur. Mama Mildred ta ɗaga murya tana tuna wa kowa cewa ita ce ta farko a layi. Sikola na kuka tana dariya, ta waiwaya ta ga Sylvester ya durƙusa a tsakanin benci ya rufe fuska da tsumman hannunsa.

"Ban gama ba," in ji Baba Kumai, ya miƙa hannu ta kan mutane. "Ɗan loko, zo nan."

Sylvester ya taso ya tsaya a gabansa.

"Kawo ashanan da ke aljihun ka."

Ya lalubo ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya girgiza kwalin a kunne, ya jefa a aljihun farar rigarsa, ya zauna.

"Katikis, ci gaba."